Fenti ko Yadi: A Ina Ya Kamata Launin Ɗaki Ya Zauna?

A al'adarmu ango ne yake neman gida ya sa a yi masa fenti, iyayen amarya kuma su ne suke sayen gado da kujeru da labule da kafet, kuma sau da yawa ɓangarorin biyu ba sa yin shawara a kan launi sai ranar jere, lokacin da aka sauke kaya daga mota aka tarar da bango kore shar alhali kujerun da aka sayo ruwan hanta ne. Na halarci jere fiye da ɗaya inda dangin amarya suka tsaya cirko-cirko a tsakiyar falo, a kalli bango a kalli kaya, babu halin mayar da kujeru wurin kafinta, babu kuma lokacin sake fenti domin washegari ake kawo amarya. Abin da yake jawo haka shi ne rashin yanke shawara guda ɗaya tun da wuri, wato a ina launin ɗakin zai zauna. Ko dai a ɗora shi a bango ta hanyar fenti ko takardar bango ko tayil, ko kuma a bar bangon da launi mai sanyi a shigo da mai ƙarfin ta yadi, wato labule da kafet da zanen gado da rigunan matasai. Kowace hanya tana da inda ta fi 'yar uwarta, kuma abin da yake raba gardama shi ne ƙura da haske da yara da kuma tambayar ko gidan na mutum ne ko na haya.

Masu son launi a bango suna da hujja, domin ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Wanda ya tsaya gaban fadar Sarkin Zazzau, ko ya shiga sorayen Gidan Rumfa a Kano, ko ya ratsa unguwar Birni a Damagaram, zai ga yadda magina suka yi wa bango aiki kamar gaban babbar riga, da dagi da sauran zayyana, aka bi su da launuka. Sai dai ya kamata a lura da irin wuraren da aka yi wa wannan ado: sorayen da rufinsu ya yi sama sosai, waɗanda ba a cika su da kaya ba sai shimfiɗa, saboda haka bangon ne kaɗai yake ɗauke da ido. A cikin gida kuwa, a ɗakunan iyayenmu mata, akasin haka aka saba yi. Ana shafe bango da farar ƙasa, a yi daɓe a zuba masa makuba har ya yi duhu yana ƙyalli, sannan launi ya fito daga jeren kwanuka da tasoshi da langa-langa da faya-fayan da aka rina, da gadon da aka lulluɓe da zane mai kyau. Hanyoyin biyu duka gadonmu ne. Falon yau mai kujeru bakwai da talabijin da labule har ƙasa ya fi kama da ɗakin uwargida fiye da soron sarki, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi tunani kafin ya sayi fenti mai hayaniya.

Duk da haka, fenti ne hanya mafi sauƙin kuɗi ta sauya kamannin ɗaki gaba ɗaya, kuma lissafinsa ba shi da wuya. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi, wato kimanin mita 3.6 kowane gefe, idan tsayin bangonsa mita 3 ne, yana da kusan murabba'in mita 43 na bango, idan aka cire ƙofa da taga ya dawo wajen 40. Lita ɗaya ta fentin ruwa mai kyau tana rufe kimanin murabba'in mita 10 a shafa ɗaya idan bangon sumul yake, kuma tun da sau biyu ake shafawa, lita 8 ake bukata, wato galan biyu masu lita huɗu-huɗu. Bangon da filastarsa take da kaushi yana shan fiye da haka. Bango guda ɗaya kuwa, wanda bai wuce murabba'in mita 11 ba, galan ɗaya ya ishe shi har a yi ragowa. Babu yadin da zai rufe wannan fili da irin wannan kuɗi, kuma wanda ya san wannan lissafi ba zai yarda a sa shi sayen bokiti mai lita 20 saboda ɗaki ɗaya ba.

Fentin ma iri-iri ne, kuma bambancinsu ya fi bambancin launi muhimmanci. Farar ƙasa ita ce mafi araha, tana sa ɗaki haske, amma tana bin kaya, duk wanda ya jingina da bango zai tashi da fari a bayansa, kuma ba ta karɓar launi mai ƙarfi. Fentin ruwa marar sheƙi shi ne wanda aka fi amfani da shi a ɗakuna. Yana bushewa cikin sa'o'i kaɗan, warinsa ba ya daɗewa, yana kuma ɓoye ƙananan tabon filasta saboda ba ya ƙyalli. Rauninsa shi ne goga: mai arhar cikinsa idan aka sa tsumma mai ruwa sai launin ya biyo tsumman. Akwai fentin ruwa mai ɗan sheƙi da masu sayarwa suke kira satin ko silik, wanda ya fi tsada amma ana iya goge shi da soso da ruwan sabulu, shi ya sa ya dace da falo da barandar da yara suke bi suna dafa bango. Sharaɗinsa shi ne bango ya zama sumul, domin sheƙin yana tona duk wani tudu da kwari, don haka sai an fara yi masa shafen da ake yi don daidaita fuskar bango, wanda shi ma kuɗi ne na daban. Na ƙarshe shi ne fentin mai, wanda ake sirkawa da kananzir ko tina. Yana da ƙarko, ruwa ba ya kama shi, ya dace da ƙofa da taga da ƙarfe, amma a bangon ɗakin kwana matsalarsa ta fi amfaninsa.

Wannan na gane shi ne a jikina. Shekarun baya da muka koma wani gidan haya a Zariya, na sa aka yi wa ɗakin kwana fentin mai shuɗi mai duhu, domin na gan shi a hoto ya burge ni. Mai fentin, dattijo ne, ya tsaya da burushi a hannu ya ce, "Hajiya, tagar nan ɗaya ce, kuma ƙarama ce, da an rage duhun," amma ban saurare shi ba. Mun yi kwanaki muna kwana a falo saboda wari. Da hunturu ya shigo, kowace safiya sai in ga ƙura ta kwanta a bangon kamar an barbaɗa gari, idan na sa yatsa sai layi ya fito. Idan aka ɗauke wuta, fitilar caji guda ɗaya da take haska falo tas ba ta iya haska wannan ɗaki, domin bangon yana shanye hasken. Ranar da za mu tashi mai gida ya ce a mayar masa da ɗakinsa ruwan madara yadda muka same shi, kuma yana da gaskiya. A nan na koyi cewa fentin ruwa ba ya zama a kan fentin mai sai an bi bangon da samfefa an kashe sheƙinsa, an yi shafar farko, sannan an shafa sabon launin har sau uku kafin shuɗin ya daina leƙowa. Kuɗin gogewa ya fi kuɗin shafawa.

Akwai kuma batun lafiya da bai kamata a tsallake ba. Wasu fentin mai, musamman rawaya da ruwan lemo da ja masu ƙarfi, ana haɗa launinsu da sinadaran da suke ɗauke da dalma, kuma gubar dalma ta fi yi wa ƙananan yara illa, domin tana taɓa ƙwaƙwalwa tun tana girma. Mutanen Arewa sun san sunan wannan guba tun abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu. A can daga niƙan dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada dalmar da ke cikin fenti ta wuce kashi 90 cikin miliyan. Haɗarin yana zuwa ne idan fenti ya tsufa ya fara ɓarewa, yaro mai rarrafe ya ɗauki ɓawon ya kai baki, ko kuma aka goge tsohon fenti da samfefa ƙurarsa ta cika ɗaki. Wanda yake da ƙananan yara ya tsaya a fentin ruwa a cikin ɗakuna, idan kuma dole sai an sayi na mai, a duba gwangwanin a ga ko an rubuta ba shi da dalma, sannan a fitar da yara da masu ciki daga gida ranar da za a goge tsohon fenti.

Kowane irin fenti aka zaɓa, danshi ne babban abokin gabarsa. Sabuwar filasta tana bukatar kamar mako huɗu ta bushe kafin a shafa mata fenti, kuma gaggawar biki ce take sa a karya wannan ƙa'ida, sai a ga bayan wata biyu bango ya yi kumbo yana fitar da farin gari kamar gishiri. A gidajen da ruwa yake taruwa kusa da tushen gini da damina, ƙasan bangon ciki yana jiƙewa ya ɓare, kuma launi mai duhu ya fi tona wannan asiri, domin farin da ya fito yana fitowa sarai a kansa. Gyaran magudanar ruwa da rufi yana gaba da zaɓen launi.

Haske kuwa shi ne abin da katin launi na shago ba ya faɗa. Launin da aka gani a ɗan ƙaramin kati yana ƙara ƙarfi idan ya mamaye bango huɗu, kuma fenti ɗanye ba ya kama da busasshe. Ƙwan lantarki ma yana sauya shi: wanda aka rubuta 2700K ko 3000K a kwalinsa yana ba da haske mai ɗan rawaya, yana ƙara wa ruwan madara da ruwan ƙasa kyau amma yana dusashe shuɗi, shi kuwa mai 6500K, wanda aka fi sayarwa a kasuwanninmu, fari ne fat mai ɗan shuɗi, yana sa ruwan toka ya yi kama da bangon asibiti. Yawancin tagoginmu suna da ƙarfen tsaro da ragar sauro da labule, saboda haka hasken da yake shigowa bai kai yadda ake zato ba. Dabarar da ba ta da tsada ita ce a sayi ƙaramin gwangwani, a shafa faɗin mita ɗaya a bango, a bar shi ya bushe, a dube shi da hantsi, a dube shi da la'asar, a dube shi da dare ƙarƙashin ƙwan da za a riƙa kunnawa, sannan a sayi galan.

Ƙurar hunturu, wadda take tare da mu tun daga wajen Nuwamba har zuwa Fabrairu ko Maris, tana da nata launin, tsakanin ruwan toka da ruwan ƙasa mai haske. Tana bayyana a kan baƙi da shuɗi mai duhu da ruwan hanta, tana kuma dusashe fari tas, amma tana ɓuya a kan ruwan madara da ruwan zuma mai haske da ruwan ƙasa. Wannan ne dalilin da ya sa waɗannan launuka suka cika gidajen Kano da Katsina da Sakkwato, kuma ban ga laifin hakan ba, ko da yake wasu suna ganin rashin dabara ne. Mutane sun gwada sun ga abin da yake jure yanayinsu.

Takardar bango tana ba da abin da fenti ba ya bayarwa cikin sauƙi, wato zane. Naɗin da aka saba sayarwa faɗinsa santimita 53 ne, tsawonsa mita 10, don haka a bango mai tsayin mita 3 yanka uku yake fitarwa, kuma bango ɗaya na ɗakin da muka lissafa zai ci naɗi uku, ko fiye idan zanen babba ne da sai an haɗa bakinsa. Tana da kyau a makon farko ƙwarai. Amma zafin bazara yana busar da gam, danshin damina yana ɗaga gefenta, kyankyasai suna samun mafaka a bayan inda ta ɗago, kuma idan yaro ya kama baki ɗaya ya ja, babu gyara sai an samo irin naɗin, wanda wataƙila ya ƙare a kasuwa. Ina ganin ta dace da bango ɗaya busasshe, kamar bayan gado ko bayan talabijin, a gidan da yara suka girma. Tayil kuma wurinsa kicin da banɗaki, inda mai da hayaƙi da ruwa suke, kuma tun da shi ne launin da ya fi wuyar sauyawa, sai an fasa, bai kamata a bi yayi a kansa ba.

Hanya ta biyu, wato launi ta yadi, babbar fa'idarta ita ce ana cire ta. Labule ana sauke shi a wanke, rigar matashi ana zuge zif a sauya, kafet ana naɗe shi a tafi da shi sabon gida. Wanda ya kashe kuɗinsa a yadi, kuɗinsa yana binsa duk inda ya koma, wanda ya kashe a fenti kuwa ya bar wa mai gida. Zaɓi ma ya fi yawa: wanda ya shiga Kantin Kwari a Kano zai ga launuka da zane iri-iri, kuma zai iya riƙe yadin a hannu ya fita da shi rana ya gani, ya karɓi ɗan ƙyalle ya kai gida ya ɗora a kan kujera. Uwargida tana iya ajiye labule biyu, mai haske na kullum da mai nauyi na salla ko na suna, ɗaki ya sauya kama cikin awa ɗaya ba tare da warin fenti ko fitar da kaya waje ba.

Labule ne yake ɗaukar kaso mafi girma na launin yadi, kuma a nan ake yawan yin kuskuren awo. Domin ya yi tattara mai kyau, faɗin yadin ya kamata ya ninka tsawon sandar labulen sau biyu zuwa biyu da rabi. Sanda mai mita ɗaya da rabi tana bukatar yadi mai faɗin mita uku zuwa huɗu idan an haɗa. Wanda ya rage yadi don tsimi zai samu labule a miƙe kamar zanen da aka shanya, komai tsadar yadin. Rana tana cin launi, ja da shuɗi da shunayya sun fi saurin koɗewa a tagar da take kallon yamma, saboda haka a yi masa shafi da farin yadi a baya, shafin ya sha ranar. Karammiski da sauran yadi masu kauri suna da kwarjini, suna kuma tare haske ga mai barcin rana, amma suna tare iska a watan Afrilu lokacin da ake neman ta ido rufe, suna kuma riƙe ƙura, wankinsu aiki ne na yini guda. A ɗakin da babu na'urar sanyaya ɗaki, yadi mai sauƙi da ake iya wankewa duk wata ya fi amfani, ko da bai kai wancan cika ido ba.

Kafet kuwa shi ne inda hanyar yadi take da rauni. Wanda aka shimfiɗa bango zuwa bango yana ba da launi mai yawa a lokaci ɗaya, yana da daɗin zama ga mutanen da suka saba cin abinci da hira a ƙasa, amma ba ya ɗaguwa, ƙurar hunturu tana shiga cikinsa ta zauna, miyar da ta zube da fitsarin yaro suna barin tabo da wari, kuma masu asma suna shan wahalarsa. Ja da ruwan hanta da aka fi so suna nuna kowane zare da kowane ɓurɓushin abinci. Ƙaramin kafet na tsakiya a kan tayil ko leda ya fi hankali: ana fitar da shi a kakkaɓe a shanya, kuma idan yana da zane mai launi biyu ko uku, shi ne zai zama jagoran sauran launukan ɗakin, a ɗauko ɗaya a yi labule, a ɗauko ɗaya a yi matasai.

Matasan kujera su ne mafi arhar launi a cikin ɗaki, kuma a nan kayanmu na gida suke da abin cewa. Turmin atamfa ɗaya, yadi shida, yana fitar da rigunan matasai kusan goma masu faɗin santimita 45, kuma kowane tela na unguwa zai ɗinka su. Yadin da aka rina da baba a marinar Ƙofar Mata a Kano yana da shuɗin da fentin shago ba ya kamawa, kuma a kan kujera ruwan madara ko a rataye a bango fari yana da kyau matuƙa. Sai dai sabon rini yana zuba, don haka a wanke shi shi kaɗai sau biyu ko uku kafin a haɗa shi da farin abu. Luru da gwado na saƙar hannu suna yin kyau a ƙarshen gado ko a bayan doguwar kujera. Tumtum na fata da dukawa suke yi, wanda ake samu a Kasuwar Kurmi, yana kawo ja da rawaya da kore a dunƙule cikin abu ɗaya da ake iya matsarwa, haka faya-faye uku ko biyar da aka jera a bango. Abin yana damuna idan na shiga falon da aka cika da furannin roba da hotunan da aka shigo da su daga waje, alhali waɗannan kaya suna nan kusa, sun fi ƙarko, kuma kuɗinsu yana shiga hannun masu sana'ar da suke neman mai saye.

Amma yadi ba ya rufe asirin bangon da ya lalace. Idan bango ya yi dauɗa ko ya ɓare, labule mai tsada ƙara tona shi yake yi, don haka ko mai bin hanyar yadi sai ya fara da fenti mai tsabta. Kuma sauƙin sayen yadi shi ne tarkonsa: yau a ga matashi mai kyau a saya, gobe a kawo gudummawar zanen gado, jibi a sayi kafet a hannun dillaliya, kafin a ankara ɗaki ya tara launi bakwai, ido bai san inda zai sauka ba. Masu sana'ar ƙawata ɗaki suna da wani ma'auni da suke yawan amfani da shi, wato launi ɗaya ya ɗauki kashi 60 na abin da ido yake gani, na biyu ya ɗauki kashi 30, na uku kashi 10. Ba doka ba ce, amma tana taimakawa. A aikace, bango da silin da ƙasa su ne kashi 60, kujeru da labule kashi 30, matasai da ƙananan kaya kashi 10. Idan aka duba ta wannan fuska, tambayar fenti ko yadi ta zama tambayar wane kaso za a ba launi mai ƙarfi, kuma ba kowane ɗaki ne yake iya ɗaukar ja ko kore a kashi 60 ba.

Ga mai zaman haya, ban ga abin gardama ba: bango ya zauna ruwan madara ko fari mai ɗan duhu, kuɗi ya tafi labule da matasai da ƙaramin kafet. Ga mai gidan kansa da yake da falo mai faɗi da tagogi biyu ko fiye, launi a bango yana da daraja, kuma hanyar da na fi yarda da ita ita ce bango ɗaya, wanda ido yake fara sauka a kai idan an shigo, a yi masa launi mai ƙarfi kamar ruwan makuba ko kore mai duhu ko ruwan goro, sauran ukun a bar su da haske. Galan ɗaya ne, idan an gaji da shi yini ɗaya ya isa a sauya. Ga gidan da yara ƙanana suka yi yawa, fentin ruwa mai ɗan sheƙi da ake gogewa ya fi kafet da labule masu tsada, domin zanen fensir a bango yana fita da soso, tabon manja a karammiski kuwa ba ya fita. Ga ƙaramin ɗaki mai taga ɗaya, irin wanda dattijon nan ya gargaɗe ni a kansa, bango ya yi haske ko da me, silin ya zama fari, launin ya zo daga zanen gado. Ɗakin yara shi ne inda zan yarda da fenti mai fara'a a bango biyu, ruwan bula ko rawaya mai sanyi, tun da kayan cikinsa kaɗan ne kuma dama za a sake shafawa bayan 'yan shekaru.

Ga amarya kuma, tsarin aikin ne ya kamata a juya. Kujeru da gado su ne mafi tsada kuma su ne za su fi daɗewa, launin yadinsu kuma iyakantacce ne ga abin da kafinta ya samu, alhali fenti ana haɗa shi a kusan kowane launi. Saboda haka kujera ake fara zaɓa, sannan labule da kafet, fenti ya zo a ƙarshe. Da zarar iyayen amarya sun tsayar da yadin kujeru, a yanko ɗan ƙyalle daga wurin kafinta, a haɗa da na labule, a ba wata gwaggo ko yayar amarya ta kai wa dangin ango tun kafin a kira mai fenti. Hoto a waya ba ya wadatarwa, domin kowace waya da yadda take nuna launi. Idan kuma ba a samu damar yin hakan ba, ango ya shafa ruwan madara a ko'ina, a bar bangon da za a yi wa launi sai bayan amarya ta tare, ta ga ɗakinta da safe da dare, ta zaɓa da kanta.